Ku Tambayi Injiniya: Me Ke Kwance a Ƙarƙashin Filin da Za Ka Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin makaranta ne, na yi ritaya bara, kuɗin sallamata kuma ya fito. Dillali ya kai ni wani fili a gefen Kano, fuloti biyu a haɗe a bakin titi, farashinsa bai kai na maƙwabtansa ba. Da na matsa masa da tambaya sai ya ce a da gidan mai ne, ya mutu aka rushe, daga baya kanikawa suka zauna 'yan shekaru. Niyyata in gina gida a baya, in yi ƙaramar makarantar yara da islamiyya a gaba, in haƙa rijiyar burtsatse. Maginina ya ce in dai an yi gwajin ƙasa an zuba fandisho mai ƙarfi, magana ta ƙare. Ɗana kuma ya ce kada in saya. Wa zan bi? *Tsohon malami, Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa an yi ritaya a sa'a. Kada ku bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna, kuma kada ku ba da ko kafin alƙalami sai kun gama abin da zan faɗa.

Magininku bai yi ƙarya ba, gwaji biyu ne ya haɗe a wuri guda. Gwajin ƙasa da magina suka sani yana duba ƙarfinta ne: shin za ta ɗauki nauyin gini, yumɓu ce mai kumbura da damina ko marmara ce, ruwa yana kusa ko nesa. Wannan gwajin zai iya fitowa da sakamako mai kyau ƙwarai a filin da ke cike da guba, domin ba guba aka aike shi nema ba. Wanda kuke bukata shi ne na biyu, mai duba abin da aka taɓa zubarwa a wurin. A shekarun da na yi ina aikin ƙasa da ruwan ƙarƙashinta, ba kasafai nake ganin mai gida ya nemi wannan na biyun da kansa ba. Yawanci sai an gama gini, an tare, ruwan rijiya ya fara warin kananzir, sannan a zo nemana.

Aikin ba a ɗakin gwaje-gwaje yake farawa ba. Yana farawa ne da tarihi, kamar dai binciken aure: ba wurin mai dalilin aure ake tsayawa ba, maƙwabta ake bi. Ku je wurin mai unguwa. Ku nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a layin, da mai shayin bakin titi, in ma da hali ku nemo wanda ya taɓa sayar da mai a wurin. Ku tambaye su shekara nawa gidan man ya yi yana aiki, me ya kashe shi, an taɓa gobara ko an taɓa samun tanki yana yoyo. Babbar tambayar ita ce wannan: da aka rushe, an tono tankunan ƙasa an fitar, ko an bar su a binne? Sau da yawa rumfa da famfuna kawai ake cirewa a sayar wa 'yan gwangwan, tankin kuma a bar shi yana tsatsa da ragowar mai a cikinsa. Ku sa ɗanku ya buɗe Google Earth a kwamfuta, akwai wurin da ake komawa hotunan shekarun baya. Zai nuna muku inda rumfar take, inda tankuna suke, inda kanikawa suka yi baƙi da ƙasa. Ku kuma duba fayil ɗin filin a hukumar bayanan filaye ta Kano (KANGIS) da hukumar tsara birane ta jihar (KNUPDA), ku ga da wace manufa aka ba da shi, domin filin da takardarsa ta ce na kasuwanci ne sai an nemi izinin canjawa kafin a mai da shi gida. Duk wannan ba ya cin komai sai kuɗin mota da na goro, amma shi ne rabin aikin.

Sannan ku taka filin da ƙafarku, zai fi kyau bayan an ɗauke ruwan sama. Ku duba inda ciyawa ta ƙi fitowa alhali gefensa ya yi kore. Ku duba bakin bututun da ya leƙo daga ƙasa, ko murfin ƙarfe, ko daɓen siminti mai faɗi da ba a san dalilinsa ba. Ku kalli ruwan da ya kwanta, ko samansa yana ƙyallin launuka. Ku roƙi maƙwabta na ɓangaren gangare su ɗebo muku ruwan rijiyarsu a kwalba, ku rufe, ku girgiza, ku buɗe ku shinshina. Na ce na ɓangaren gangare ne saboda ruwan ƙasa na kusa yakan bi inda tudu ya karkata, abin da ya zuba a filin can zai nufa.

Dalilin da ya sa tankin ya fi damuna shi ne fetur ya fi ruwa rashin nauyi. Idan ya tsiyaya, yakan nutse har ya tarar da ruwan ƙasa, sai ya kwanta a samansa, yana hawa da damina yana sauka da rani, yana shafe ƙasar da ke tsakani. A cikin fetur akwai sinadarin banzin, wanda an tabbatar yana jawo cutar dajin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyakar maikurogiram 10 a lita ɗaya ta ruwan sha, adadin da hanci ba zai kama ba. Wato in kun ji wari, akwai matsala, in kuma ba ku ji ba, hakan bai wanke rijiyar ba. Da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni ta jihar Ribas a 2011, ta samu rijiyoyi a Nisisioken Ogale, kusa da bututun man kamfani, da banzin ɗinsu ya ninka wannan iyaka fiye da sau 900, ga kuma tataccen mai da kaurinsa ya kai santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙasa. Mutane suna sha. Na san gidan mai ɗaya ba bututun kamfani ba ne, amma yadda abin yake tafiya a ƙarƙashin ƙasa iri ɗaya ne. Ban da ruwa, tururin man yana iya tasowa ta tsagar daɓe ya taru a ɗakin da ake rufewa.

Kanikawan kuma nasu gadon daban. Baƙin mai da suke juyewa a ƙasa, da ruwan batir, da fenti, suna barin dalma da wasu ƙarafa a saman ƙasa. Har farkon shekarun 2000 fetur ɗin da ake sayarwa a Najeriya akwai dalma a cikinsa, don haka tsohon gidan mai da tsohon gareji duka abin zargi ne. Mai yana raguwa a hankali, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna cinye shi. Dalma ba ta ruɓewa. Inda aka zuba ta, nan za a same ta bayan jikoki.

Mu masu wannan aiki abu uku muke haɗawa kafin mu ce akwai haɗari: gubar kanta, hanyar da za ta bi, da wanda za ta tarar. In aka rasa ɗaya, haɗarin ya ragu ƙwarai. Da ce mini kuka yi za ku daɓe filin gaba ɗaya ku yi wurin ajiye motoci ko shagunan sayar da tayil, da hankalina bai tashi haka ba. Amma ku kun haɗa ukun cif: ga tsohon gidan mai, ga rijiyar da za ta jawo ruwan zuwa baki, ga yara ƙanana masu wasa da ƙasa suna sa hannu a baki. Jikin yaro ya fi na babba zuƙar dalma sau da yawa, kuma ƙwaƙwalwarsa take taɓawa.

Saboda haka a naku filin, tono ya zama dole. Ku ɗauki masanin ƙasa ko injiniyan muhalli wanda ku za ku biya, ba wanda mai filin ya kawo ba. Zai sa a haƙa ramuka a wuraren da tarihi ya nuna: gefen tankuna, inda famfuna suka tsaya, ramin kanikawa, da kusurwar da ruwa ke gangarawa. A kowane rami a ɗebi ƙasa daga sama, daga tsakiya, da kuma ƙasan ramin, kusa da tanki kuwa sai an wuce zurfin gindinsa. Ku tsaya a wurin ku ga abu biyu da idonku. Na farko, kada a cakuɗa ƙasar wuri mai baƙi da ta wuri mai tsabta a leda ɗaya, domin mai tsabtar za ta surka ta, sakamako ya fito lafiya lau. Na biyu, ƙasa da ruwan da za a nemi mai a cikinsu a kwalbar gilashi ake sa su, a cika fal, a rufe, a sa a kula mai ƙanƙara. Wanda ya zuba a baƙar leda ya jefa bayan mota da zafin Afrilu, abin da ake nema ya tsere tun kafin a kai Zariya. A kuma ɗebo ƙasa daga wani wuri na kusa da ba a taɓa yin komai a kai ba, don a sami abin kwatantawa.

Wuraren gwaji muna da su. Akwai ɗakunan gwaje-gwaje a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa ta Zariya, akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, Kaduna, ga kuma masu zaman kansu da NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, ta amince da su. Ku fara tambaya ko suna gwada abin da kuke so, domin ba kowane ɗaki ke da na'urar gwajin mai ba. Kuɗin ana lissafa shi ne bisa yawan samfur da yawan abin da za a nema a kowanne, shi ya sa tarihin nan yake rage muku asara. Ba za ku ce a duba komai ba, za ku ce a duba jimillar mai, da banzin da danginsa, da dalma, da kadmiyam, da kuromiyam.

Idan sakamako ya fito da matsala, ba lallai a gudu ba. Ana iya tono tankin, a kwashe ƙasar da ta gurɓata, a cika da mai tsabta, a daɓe filin wasan yara, a haƙura da rijiya a jawo ruwa daga wani wuri. Amma ku sa a yi muku lissafin wannan aikin a takarda, ku cire shi daga farashin. In bayan an cire filin ya daina zama mai araha, to dama can ba mai araha ba ne. Ra'ayina, in tankunan suna nan kuma rijiyoyin maƙwabta sun riga sun ɗauki wari, ku bar wa mai kuɗin da zai iya gyarawa. Kuɗin sallama ba ya zuwa sau biyu.

Tambaya: Injiniya, mijina ya sayi fili a cikin gari inda a da kududdufi ne. An shekara da shekaru ana zuba shara har ya cike, aka bi da jar ƙasa, aka yanka fulotai. Yanzu ba wari, har wasu sun yi gini. Akwai matsala? *Uwargida, Kano*

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma wannan ita ce matsalar da ta fi yawa a tsofaffin biranenmu. Kududdufan Kano da Zariya da Katsina ramuka ne da kakanni suka ɗebi ƙasar gini da ta ganuwa, suka zama matarar ruwan damina. Da gari ya cika, sai aka mai da su juji, daga juji kuma suka koma fuloti.

Shara ba ƙasa ba ce. Tana ci gaba da ruɓewa a ƙarƙashi tsawon shekaru masu yawa, tana raguwa, kuma ba daidai take raguwa ba: nan ya zauna, can bai zauna ba. Shi ya sa za ki ga gida bai daɗe ba bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga, ƙofa ta daina rufuwa. Wannan ɓangaren magini nagari zai iya maganinsa in ya kai fandisho har ƙasa ta asali, sai dai kuɗin zai iya fin na filin.

Abin da magini ba ya gani shi ne iskar da ruɓewar ke fitarwa. Sharar da aka binne inda iska ba ta shiga tana haifar da gas ɗin mesen, wanda ba shi da wari ko launi, kuma yana kamawa da wuta in ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar wuri. A fili buɗaɗɗe yana watsewa. A ɗaki rufaffe, ko sokawe, ko rijiya, yana taruwa. A 1986 wani gida ya tarwatse a ƙauyen Loscoe na Ingila saboda gas ɗin da ya biyo ƙarƙashin ƙasa daga juji na kusa, mutanen gidan suka tsira da raunuka. Masu yasar rijiya a irin wannan unguwa su ma su yi hattara, domin iskar ramin takan rasa abin shaƙa.

Sai ruwa. Duk abin da ke jujin, batir ɗin tocila, ragowar magani, fenti, bayan gida, ruwan sama yana tatso shi ya kai ƙasa. Rijiyar gida a irin wannan wuri ban yarda a sha ba sai an gwada, kuma a gwada sau biyu, ƙarshen rani da tsakiyar damina. Ki ce a duba ƙwayoyin cuta na bayan gida, da dalma, da naitiret. Iyakar naitiret miligiram 50 ce a lita, kuma jarirai ya fi yi wa illa, musamman in da ruwan ake dama musu madara. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire naitiret ko dalma, ƙara tattara su ma take yi.

Tunda an riga an saya, ki ce wa maigida a haƙa rami a ga kaurin sharar kafin a zana gini. In ta yi zurfi, a bar maganar bene. A shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin daɓe, a liƙe bakin kowane bututu, a bar wa ɗakuna tagogi masu fuskantar juna. Kuma ki tambayi maƙwabta yadda layin yake a watan Agusta. Ruwan da kududdufin yake ɗauka ba a soke shi ba, wurin zama kawai aka ƙwace masa.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta 'yan asalin gari tana son gina ƙaramin asibiti da azuzuwa a ƙauyenmu. An ba mu fili kyauta, amma a da a nan matasa suke niƙa dutsen zinariya. An daina shekaru da dama. Ruwan sama bai wanke ba? *Sakataren ƙungiya, Gusau*

Amsa: Bai wanke ba, ɗan'uwa, kuma kai da kake Zamfara ka fi ni sanin inda wannan magana ta taɓa kai mu. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Ba maleriya ba ce, ba sanƙarau ba ne. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida, ana daka shi a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A wasu wuraren dalmar da aka auna a ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, a lokacin da ma'aunin Amurka na filin wasan yara yake 400. Abin ya sake faruwa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja a 2015, yara 28 suka rasu.

Abin da nake so ka ɗauka daga aikin da aka yi a can shi ne yadda aka jera shi. Likitoci sun ƙi fara ba yara maganin fitar da dalma a ƙauyen da ba a gyara ba, saboda yaron zai koma gida ya sake kwasa. Sai da aka kankare saman ƙasa a gida-gida, aka kai ramin da aka tanada, aka shimfiɗa sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai 2013 aka sami kuɗin gyara ta. Gina asibiti a kan tsohon wurin niƙa juya wannan tsari ne kai a ƙasa.

Daɗin abin, dalma tana da sauƙin ganowa. Akwai na'urar hannu mai suna XRF, ana ɗora ta a ƙasa ta ba da adadi nan take, da ita aka yi aikin Zamfara. A rana ɗaya ana iya auna wurare da yawa a fili guda. Ku rubuta wa ma'aikatar muhalli da ta lafiya ta jiha, akwai ma'aikatan da suka koyi wannan aiki a lokacin annobar. A auna filin layi-layi, a ƙara yawan awo inda injin ya zauna, inda ake shanya garin dutse, da kududdufin da ake wanke shi. In sun yi amfani da zaiba wajen kama zinariyar, a faɗa, domin ita gwajinta daban. Kuma kada wani ya ɗebi ƙasar wurin ya buga bulo ko tubali da ita. In awon ya yi sama kuma ba ku da halin kwashewa, ku yi wa mai kyautar godiya, ku nemi wani filin, wannan kuma a kewaye shi kada yara su shiga.

Tambaya: Ba aikin gwamnati ba ne ta duba wannan kafin ta ba da takardar mallaka? Kuma idan na saya na gano daga baya, wa zan kama? *Ɗan kasuwa, Kaduna*

Amsa: Alhaji, takardar mallaka shaida ce cewa gwamna ya ba ka haƙƙin zama a filin bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ba ta ce komai ba game da abin da ke cikin ƙasar.

Dokokinmu na muhalli tsoro ne ya haife su. A 1988 aka gano dubban durom na sharar masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, a jihar Delta ta yau, ana biyan mai filin dala 100 a wata. A shekarar aka yi dokar hukunta masu shigo da shara mai guba, aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1992 aka yi dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli, a 2007 aka kafa NESREA. Sai dai dokar 1992 ta fi kallon gaba, wato ɓarnar da aikinka zai yi, kuma manyan ayyuka ta fi kamawa. A ɓangaren gidaje, rukunin da ya kai hekta 50 ne ya zama tilas. Mai fuloti ɗaya ba wanda zai tambaye shi.

A Amurka ma sai da aka ji jiki. A 1953 kamfanin Hooker Chemical ya sayar wa hukumar makarantun garin Niagara Falls wani fili a kan dala ɗaya, bayan ya binne kimanin tan 21,000 na sharar sinadarai a ciki. Ya ma rubuta gargaɗi a takardar cinikin. Aka gina makaranta, gidaje suka kewaye ta. A 1978 gubar ta fito fili har shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci a unguwar, wadda ake kira Love Canal, aka kwashe ɗaruruwan iyalai. Dokar da ta biyo baya a 1980 ta ce mai filin na yanzu ma ana iya ɗora masa kuɗin gyara ko da ba shi ya zuba ba. Wannan ne ya sa a can masu saye da bankuna suke neman rahoton tarihin fili kafin kuɗi ya fita. Lura da cewa a labarin nan an rubuta gargaɗin, masu saye ne araha ta rufe musu ido.

A nan gida, kariyarka tana cikin yarjejeniyar da ka rubuta. Ka sa lauyanka ya saka cewa mai sayarwa ya bayyana duk abin da aka taɓa yi a filin, cewa an ba ka izinin tono da gwaji kafin cikon kuɗi, kuma in sakamako ya yi muni za a mayar maka da abin da ka bayar. Wanda ya ƙi yarda a haƙa rami a filinsa ya riga ya ba ka amsa. A fiƙihu ma ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa in aibin ya bayyana, malamai za su fi ni bayani. Amma kowa ya san wahalar karɓo kuɗi a hannun wanda ya riga ya raba wa magada.

Tambaya: Filina gona ce tun kaka da kakanni, ba masana'anta ba juji. Ni ma sai na yi duk wannan? *Manomi, Bichi*

Amsa: A'a Malam, in tarihin ya tsaya haka, gwajin ruwan rijiya ya ishe ka. Abu biyu kawai za ka tambaya. Na ɗaya, da wane ruwa ake ban-ruwa? Gonakin da ke bin rafin Jakara da Getsi, inda ruwan masana'antun Bompai ke sauka, da waɗanda ke ƙasan majemun Sharaɗa da Challawa, an sha samun kuromiyam da wasu ƙarafa a ƙasarsu. Taka in ruwan sama ne ko na rijiya, wannan bai shafe ka ba.

Na biyu shi ne wanda mutane suke mantawa: ƙasar ciko. Fili mai tsabta yana iya gurɓata a yini guda da tifa biyar da ba ka san inda aka ɗebo su ba. Direba zai ce maka ɓaraguzai ne masu araha, alhali daga tsohon gareji ne, ko tokar juji, ko fasassun rufin asbesto da ƙurarsa ke lalata huhu. A garin Akokan kusa da Arlit a Nijar, an yi amfani da duwatsun da aka fitar daga mahaƙar yuraniyam wajen shimfiɗa tituna, har awon da ƙungiyar Greenpeace ta yi a 2009 ya nuna wani wuri da tiririn nukiliya ya ninka na al'ada kusan sau 500. A Jos ma akwai irin wannan damuwa game da yashin da masu wanke kuza suka bari. Ka bi tifar farko zuwa ramin da ake ɗiba ka gani da idonka, ka kuma ce wa mai gadin aikinka duk motar da ta zo da ƙasa baƙa, ko mai wari, ko mai haɗe da leda da kwalabe, a mayar da ita kafin ta juye.